Shafin da Baba Sai-Gobe Ya Ƙi Juyawa

Duk layin babu wanda bai san Baba Sai-Gobe mai gyaran takalma ba. Ka kai masa takalmi da safe, zai juya shi ya leƙa ƙasansa kamar likita, ya ce, “Sai gobe.” Gobensa kuwa takan kai mako. Amma in ya ɗinke, sai ƙafa ta gaji takalmin bai gaji ba, shi ya sa ake haƙuri da shi.

Da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda jikarsa ta kama shi riƙe da takardar magani a kife. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya rantse sai ya karɓo takardar shaida ya rataye ta a rumfarsa, sama da gwangwanin ƙusoshi.

Sharaɗin malamar ajin ɗaya ne: kowa ya karanta tsohuwar tatsuniyar da ke bayan littafi, a gaban aji, har ƙarshe. Labarin wata marainiya ce da ke share gidan burodi don a ba ta ɓurɓushi, ga sanyi, ga ta ba takalmi.

Wasu cikin zama guda suka gama. Baba kuwa da yatsa yake bin harafi, layi biyu a yini, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Haka marainiyar littafin ta tare a rumfarsa. Ya dinga kai wa matarsa ƙarar mai burodi.

“Ki ji mugu! Ko silifas bai saya mata ba.”

“Malam, yarinyar takarda ce fa.”

“Takarda ba ta jin sanyi ne? Da zai kawo min ita, ai akwai ragowar fata.”

“Ka ce mata sai gobe,” in ji matar, tana dariya.

Rannan ya iso ƙasan shafi na kusa da ƙarshe. An kori yarinyar, ta raɓe jikin bangon tanda, sai layin ya ƙare da: “ta kwanta”. Baba ya rufe littafi. Ya daɗe a duniya, ya san irin kalmar da kan biyo bayan wannan.

Daga nan dabaru suka fara. Yau tabarau ya ɓace, alhali yana bisa goshinsa. Gobe shafin ya manne, wai gam ya zuba. Malama ta gaji, ta ce ranar Laraba za a rufe aji, wanda bai kai ƙarshe ba babu takarda.

Ranar ya zo da babbar riga, jikar na zaune a benci na baya. Ya karanta tiryan-tiryan har ya kai wurin.

“Ta kwanta,” ya ce, ya ɗago kai. “To, Malama, yarinya ta gaji ta kwanta. A bar ta ta huta mana.”

Aji ya fashe da dariya.

“Juya, Baba,” in ji malama.

Ya dubi jikarsa. Ita ba ta dariya, jira take. Ya lashi yatsa ya juya. Kalma ɗaya ce a saman shafin, ko haɗa baƙi bai yi ba.

“Dama,” ya ce.

Ya ƙarasa sauran layukan ba tuntuɓe ko ɗaya. Aka yi ta tafi, malama ta miƙo takarda, ya karɓa bai ko dube ta ba. Tausayi ya cika shi, hawaye na bin gemunsa.

“Haba Baba,” malama ta ce a hankali, “tun kafin a haifi kakanka aka rubuta wannan.”

“Ni dai jiya da ranta na bar ta,” ya ce.