Gayyar da Ba a Amsa Ba a Gangara

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu bakwai a bas mai zuwa garin Isa, da buhun kayan wasan kwaikwayonmu a ƙarƙashin kujera. Hanya ba daɗi. Ga ramuka, ga shingayen bincike, ga gonakin da ciyawa ta cinye saboda masu su sun gudu. Direbanmu, sarkin surutu a tasha, muna shiga daji ya koma salati.

A Isa muka karya da waina da miyar taushe, 'yan ƙanana kamar an auna su da murfin kwalba. Daga nan sai Sabon Birni, la'asar ta yi mana a Gangara.

Ni na rubuta wasan, kuma ina ji da shi. Labarin wani manomi ne da garinsu ya yanke cewa kada kowa ya ƙara barin shanun makiyaya su ci karan gonarsa bayan girbi. Shi kuwa ya buɗe wa tsohon amininsa Bafulatani gona, kamar yadda iyayensu suka saba. Gari ya juya masa baya. A ƙarshe na sa mutane suka gane kuskurensu, suka zo ba shi haƙuri.

Muka yi wasan a gaban mutanen Gangara, muka gama, ba wanda ya tafa. Jama'a suka watse suna kallon ƙasa. Saura wani dattijo, wanda tun farko na lura shi kaɗai ne a tabarmarsa.

“Ɗana, wa ya ba ka labarina?” in ji shi.

Na rantse masa ƙirƙira na yi.

“To, ni wanga abu ya samu. Da damana na kira gayyar noma, anka dama hura ƙwarya takwas. Har rana ta hwaɗi ba wanda yaz zo. Har yau ko gaisuwata ba a amsawa.”

Kunya ta rufe ni. Na ce, “Baba, za ni gyara ƙarshen.”

“A'a. Ku dai sake mini wurin da sunka zo ba shi hanƙuri. Ina son in ƙara gani.”

Muka sake ɗaura rawunanmu, muka yi masa shi kaɗai. Da muka zo wurin ban haƙurin, sai muka ji shi ne ke amsawa a hankali: “Ba komi, na yahe.”

Washegari muka dawo gida lafiya. Na koyi cewa sulhun da na ƙulla a shafi ɗaya, wani yana can yana jiransa shekara da shekaru. Allah Ya sa mutanensa su je masa yana da rai.