Ganyen da Na Ƙara wa Sifirin

Ni da hannuna na ɓata motar, ba wani ba. Akori-kura ce, ina lodin kasuwa da ita tsakanin Gangara da Cadawa. Kwaɗayin kaya ya kai ni wurin makanike, ya ƙara mini ganyen ƙarfe uku-uku a sifirin na baya. Ta daina durƙusawa ƙarƙashin buhunan gero, ni kuwa ina ta cika baki a tasha.

Sai Inna, mahaifiyata, ta faɗi a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Duk mako biyu nakan kai ta likita a Gazawa. Ba ta iya zama, sai mu shimfiɗa mata katifa a baya, ƙanwata ta riƙe ta. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ƙanwata ce ta nuna mini bakin mayafin Inna, duk ta huda shi da haƙori don azabar girgiza.

Raina ya ɓaci, na rasa a kan wa zan huce. Na rage iskar taya, na zagi gargadar hanya, na zagi mai faci. Duk a banza. Na koma wa makanike da faɗa. Ya hau bayan motar ya yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba.

"Motarka lahiya lau take," in ji shi. "Kai ka maishe ta jaki. In ba kaya, dole ta yi ta harbi. Ko ka cire ganyen, ko ka aza mata nauyi."

Cirewa aikin yini guda ne. Amma kaka ce, kasuwa na ci, na ce bari ta wuce tukuna. Na riƙa ɗora buhu biyu na yashi gefen katifar. Da na tambayi Inna, sai ta ce, "Da dama, ɗan nan. Allah shi yi maka albarka." Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Ba ta ga ƙarshen kaka ba. A Gazawa ta rasu, wata Laraba da hantsi. Dangi suka cika bayan motar maƙil, suna kewaye da gawarta. Muka hau gargadar nan da na sani rami-rami, sai motar ta tafi lumui, ko kwanon ruwa aka ajiye ba zai zube ba. Tafiyar da na kasa yi mata tana da rai ke nan. Ina tuƙi ina kuka.

Washegarin sadakar uku na cire ganyen. Suna nan jingine a zaure, na kasa sayarwa, na kasa yarwa.