Gwaggo Mai Kitso, Mai Ganin Abin da Ɗankwali Ya Rufe

Kullum da safe Gwaggo Mai Kitso takan share ƙofar shagonta, ta jera kujeru 'yan tsugunno, ta ajiye kibiya da man kitso a faranti. Shekara ashirin da shida ke nan. Makon jiya ta ce ciwon yatsu ya sa za ta ajiye aiki. Na zauna rubuta mata jinjina, sai na rasa wane aikin zan ce ta ajiye.

Kitso dai kowa ya sani. Amma mace kan cire ɗankwali a gabanta, Gwaggo ta ga kumburi a ƙeya, ta yi ƙasa da murya: "Wannan fa?" In aka ce ƙofa ce ta buge ta, sai Gwaggo ta ce, "Ashe ƙofar gidanku hannu gare ta." Daga nan ta rufe shago, ta raka matar asibiti, ko wurin 'yan sanda, ko gaban iyayenta, duk inda ta zaɓa. Ba wanda ya sa ta, ba mai biyanta.

Haka ta yi wa ƙanwata. Duk Asabar ina zuwa gidanta, mijinta ya tarbe ni da fara'a, mu sha hira. Ban ga komai ba, har yau ban gane yadda aka yi ba. Gwaggo ce ta kira ni daga asibiti. Ta riƙe ta wata biyu a ɗakinta, ta koya mata kitso. Ranar da mijin ya zo shago yana zage-zage, ko ɗagowa Gwaggo ba ta yi daga kan da take kitsawa ba. Da ya yi shiru ta ce, "Ka gama? Sauran ka faɗa wa alƙali." Kotu ta raba auren. Yau ƙanwata shagonta gare ta.

Na taɓa tambayar Gwaggo me ya sa take wannan wahala. Ta dube ni da mamaki.

"Ɗana, ni ƙeya kawai nake gani. Ku da kuke ganin fuska fa?"



Gwaggo, ke ce kika tambaya lokacin da mu 'yan uwa muka tsaya a gaisuwa. Mun gode, Allah ya ba yatsun nan lafiya. Mu kuma da muka rage, ban san ta ina za mu fara ba. Amma in 'yar uwarka ta ce maka ƙofa ce, kada ka ce sannu ka wuce. Zauna, ka sake tambaya.