Suwic ɗin da Ya Dawo daga Rogo

A gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabta wayam, ko gyaɗa ce sai an zuba a ciki. Ban taɓa zaton wannan ɗabi'a za ta ci ni a wurin aiki ba.

Lokacin ina kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a Karaye. Duk wayoyin zauren suna haɗuwa ne a suwic uku, akwatuna masu ƙananan fitilu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da waya ta baya suna aiki kamar abu guda. Sharaɗinsu ɗaya: manhajar da ke cikinsu dole ta zama iri ɗaya. Tawa tsohuwa ce, na sani, amma lafiya lau take, na ce ba zan taɓa ta ba sai an gama jarrabawa.

Sai maigidana na Rogo, wanda ya koya mini aikin nan tun ban san kan waya ba, ya aiko aron suwic ɗaya, nasa ya ƙone. Mutumin da ya koya maka sana'a ka hana shi aro? Na cire na ƙasa na ba shi.

Ya dawo da shi ana gobe masu duba cibiyoyi za su zo. In suka soke mu, yaran ƙauyukanmu na Kwanyawa da Daura sai sun tafi har Kano rubuta jarrabawa, wasu iyayen kuwa ba za su bar 'ya'yansu mata su kwana a can ba. Ba wuta, janareta kuma ba a tayar da shi sai ranar aiki, don haka na mayar da suwic ɗin wurinsa na tafi gida.

Da safe muka kunna. Biyu suka haɗu, na ukun ya ƙi. Layukan bayan zauren duk a mace. Da na leƙa cikinsa sai na ga sabuwar manhaja ce fil. Bawan Allah ya sabunta mini.

Na fara sauko da sabuwar don in sa wa sauran biyun, intanet ɗin kuwa yana tafiyar hawainiya. Na fita da wayar hannuna, na hau kan tankin ruwa ina ɗaga ta sama, zufa har cikin ido. Shugabar masu dubawar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta jira har aka yi azahar.

"Malam, muna da sauran wurare," ta ce. "Ka yi haƙuri."

"Hajiya, ki ƙara mini ɗan lokaci, don Allah."

Ta girgiza kai. Motarsu ba ta jima da fita ba manhajar ta gama sauka. Wallahi ji na yi kamar in rotsa akwatin da ƙasa.

Da la'asar sai ga maigidana a kan babur, bai ji labari ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya yi murmushi.

"Ƙanena, ka ga 'yar tsarabar da na sa maka a ciki? Yini guda na yi ina sauko da ita."

Na dubi furfurarsa. Na ajiye maganganun da na tanada tun safe.

"Na gani, Malam. Allah ya saka da alheri."

Shekarar nan a Kano aka rubuta jarrabawa. 'Yar maƙwabcinmu, wadda take zuwa koyon danna linzamin kwamfuta kowace Asabar, ba ta je ba.