Leda Uku, Tukunya Ɗaya

Tun kafin a zo mana da sikeli ƙauyenmu, yaye nake tsoro. Ɗana na fari a yaye ya tafi. Bai yi wata doguwar jinya ba, ramewa kawai ya dinga yi har wuyansa ya kasa riƙe kansa. Saboda haka da na biyun ya haura shekara, nono ya fara ja baya, sai na koma kullum da safe ina zagaya damtsensa da babban yatsa da manuni in ga ko za su haɗu. Suna haɗuwa, har da saura. Ban faɗa wa kowa ba. In na faɗa, cewa za a yi na cika mugun baki.

Wani mutum ne ya zo bayan an gama yankan gero, a kan babur, da sikeli mai ƙugiya da wani ɗan wando da ake zura yaro a ciki a rataye shi. Daga wajen Ɗambatta yake. Yana koyarwa a wata makarantar kiwon lafiya, kuma shi ma wai karatu yake ƙarawa. Mai unguwa ya tara mazajenmu, su kuma suka kawo mana labari. Garin kunu iri uku za a raba wa yaran da suka kusa yaye. Na farar leda gero ne zalla. Na baƙar leda da gyaɗa a ciki. Na shuɗiyar leda kuwa an ƙara masa wasu abubuwa da ba a faɗa mana ba. Za a dinga auna yaran. In aka ga wani gari ya fi sauran ƙara wa yara jiki, akwai wani Alhaji a Kano da ya yi alkawarin zai ci gaba da aiko mana da shi har shekara ta zagayo.

Ƙuri'a aka yi, takardu a cikin hula. Maigidana ya ɗauko wa ɗana shuɗiya. Wansa ya ɗauko wa 'yarsa fara. Sannan aka kira mu mata muka dangwala yatsa a takarda, wai mun yarda yaron da aka rubuta shi kaɗai zai sha.

Shi malamin bai taɓa wuce zaure ba. Namiji ne, baƙo, ba ya shiga, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Laifin da na gani shi ne bai taɓa tambayar abin da ke bayan zauren ba. Duk sati biyu zai rataya sikelinsa a azara, mu fito da hijabi mu miƙa yara. Kansa na kan takarda zai ce, "Ana ba shi kullum?" Mu ce e. "Shi kaɗai?" Mu ce e. Ya ja layi. Ko fuskar mai amsawa ba ya kallo.

To ga abin da ke bayan zauren. Gidanmu babban gida ne, madafa ɗaya, ni da faccalata, matar wan mijina, da Inna, uwar mazajenmu. Safiyar farko muka ɗora 'yan tukwane biyu, kowa da garinta. Inna ta fito da buta a hannu ta tsaya a kanmu.

"Wannan kuma wane sabon salo ne?"

Faccalata ta ce, "Inna, dokar mai sikeli ce."

"Shi ya gina gidan? Tunda aka kawo ni nan ban taɓa ganin an dama kunu an juya wa yaro baya ba. Ku haɗa."

Muka haɗa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A wajenmu gida na jikin gida, dangar kara ce kawai a tsakani, kofi yana ƙetare ta ba tare da mai miƙawa ta tashi tsaye sosai ba. Maƙwabciyarmu mai baƙar leda ta ji na shuɗiya ya fi ƙamshi, ta miƙo kofi, aka zuba mata, ita ma ta ramo. Kafin wata ya ƙare babu yaron da bai sha duka ukun ba. Har waɗanda ba a rubuta ba sun sha, har tsofaffi marasa haƙori.

Ni kuwa akwai abin da nake yi wanda ko yanzu da nake rubuta shi ina jin kunya. Duk ranar da aka kawo gari, kafin in kai madafa, sai in ɗebi kusan rabin na shuɗiyar in ƙulle a tsumma in tura ƙasan kwalla a ɗakina. Da hantsi, idan mata sun fita sussuka, in dama da ruwan flas in ba ɗana a bayan labule. Ina jin 'yar faccalata tana wasa a tsakar gida, wani lokaci har ta ɗaga labulen, in ce mata ta je ana kiranta. Na yi haka wata da watanni. Wata safiya na zagaya damtsensa, yatsuna suka ƙi haɗuwa. Na sake gwadawa a ɗaya hannun. Na zauna a bakin gado na yi ta hamdala a raina.

Ranar da zai faɗi sakamako aka tara mu a ajin firamare, maza a gaba kan benci, mu a baya kan tabarma. Ya buɗe kwamfutarsa, ya gode wa mai unguwa, ya gode wa Alhajin da ba ya nan, sannan ya ce, "A taƙaice, garin nan uku duk ɗaya ne. F ta nuna babu bambanci."

Faccalata ta zungure ni. "Wace ce kuma F? A wane gida take aure?"

Mata suka ƙyalƙyale. Ni ban yi dariya ba, domin na riga na gane abin da zai biyo baya. In duk ɗaya ne, to gero muna da shi a rumbu, Alhaji ba shi da abin da zai aiko. Ɗana kuwa saura kaɗan in cire shi daga nono gaba ɗaya.

Ban saba magana a gaban maza ba. Amma na daure na ce, "Malam, ta yaya ta nuna?"

Ya ɗago ya nemi mai maganar. "Lissafi ne, baiwar Allah. Aji nawa kika yi?"

"Shida."

"To wannan sai an yi jami'a."

"Ka faɗa da Hausa. Yaranmu ka rataya, ba na jami'a ba."

Maigidana ya waiwayo ya harare ni. Mai unguwa ya ce a bar ta, Malam ya yi bayani. Sai malamin ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya ɗauki alli, ya zana da'ira uku a allo, ya ɗiga ɗigo-ɗigo a cikin kowacce.

"Ko abinci ɗaya yara suke ci, wani zai fi wani ƙaruwa. Haka Allah ya yi su. Wannan shi ne bambancin da ke cikin kowace da'ira. Sai kuma bambancin da ke tsakanin da'ira da da'ira, wato tsakanin leda da leda. Ana auna na tsakanin, a raba shi da na cikin. Abin da ya fito shi ne F. In wani gari ya fi wani da gaske, tazarar ledoji za ta rinjayi tazarar yara, F ta yi girma. In ta tsaya kusa da ɗaya, to tazarar ledojin ba ta wuce wadda ake samu haka kawai ba. Tamu kusa da ɗaya ta tsaya. Kin gane, ko in sake?"

Na gane. Abin da ya ba ni haushi ke nan, ashe abin ba shi da wuya, rowarsa kawai yake yi. Ina kallon da'irorin nan uku, kowacce ya rufe ta ruf da alli, ni kuwa ina ganin tukunyar Inna da kofi yana ƙetare danga. Da'ira uku a allo suke. A unguwarmu ɗaya ce. In kowa ya sha na kowa, ta ina tazarar ledoji za ta fito? Sannan a cikin shuɗiyar da'irar kanta, ga ɗana da ya sha ya ƙoshi, ga wani da rabonsa ya ƙare a cikin kakarsa. Tazarar ciki ta buɗe ke nan. Abin da ake rabawa ya ragu, abin da ake raba shi da shi ya ƙaru. Ko ni da na tsaya a aji shida na san amsar ƙarama za ta fito.

Na san in na buɗe baki zan tona asirin unguwa, in tona nawa. Na dubi ɗana yana barci a cinyata, na ce, "Malam, ba wanda ya sha leda ɗaya. Haɗawa muke yi."

Maza suka waiwayo. Wata daga baya ta ce, "Ke!"

"Haɗawa muke yi, kowane gida. Yaro ɗaya na sani da ya sha na shuɗiya sosai, shi ne nawa, don ɓoyewa nake yi ina ba shi a ɗaki. Duba takardarka ka ga yadda ya ƙaru."

Bai duba ba. Fuskarsa ta canja. "Kun dangwala! Sau nawa ina tambayarku? Wato ƙarya kuka yi ta shara mini wata da watanni?"

"Mun yi. Kai a gidanku uwarka tana dama kunu ta hana ɗan maƙwabci?"

Maigidana ya ce, "Ya isa haka." Amma ban tsaya ba.

"Tambaya ɗaya. F ɗin nan taka, cewa ta yi babu bambanci, ko cewa ta yi ba ta gani ba?"

Ya gyara hula. "A takarda abin da na rubuta shi ne ba a samu hujjar bambanci ba."

"Mu kuma ka ce mana duk ɗaya ne. Alhaji fa, wanne ka faɗa masa?"

Sai ya shiga naɗe wayar kwamfutarsa. Mai unguwa ya tambaye shi ko za a sake gwajin, a raba gari gida-gida ko unguwa-unguwa yadda ba zai cakuɗe ba. Ya ce lokaci ya ƙure, ya riga ya miƙa aikinsa a makaranta. Ya ƙara da cewa yaro ɗaya ba hujja ba ne, wataƙila ɗana dama mai jiki ne. Wannan maganar gaskiya ce, na sani, amma a bakinsa ba don gaskiya ya faɗe ta ba, don in yi shiru ne.

Na bi shi har gindin babur, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba. Na ce ya faɗa mini abin da ke cikin shuɗiyar leda. Ya ce ai ba shi da amfani tunda duk ɗaya ne. Na riƙe kariyar babur ɗin. Mutane na kallo, dole ya faɗa, yana buga kik yana lissafawa: gero, gyaɗa, waken suya da aka soya aka cire ɓawo, da ɗan busasshen kifi. Ya tafi bai waiwayo ba. Gari bai sake zuwa ba.

A gida na tarar da nawa hukuncin. Faccalata tana tsaye a bakin madafa.

"Ashe 'yata tana tsakar gida, ke kina ɗaki kina ɗura wa naki. Har ki ce mata ana kiranta. Wa ke kiranta?"

Na wuce ɗakina. Inna ba ta zage ni ba, kwana uku kawai ta yi ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. A bakin rijiya kuwa aka sa mini suna mai kwalla. Wasu suka ce ni na kori garin da bakina, alhali tun kafin in yi magana ya riga ya ce duk ɗaya ne. Ba wadda ta tuna da wannan.

Ranar kasuwar Tsanyawa maigidana ya sayo mini waken suya, yana ta mita. Na soya, na surfa, na kai inji. Da damina ya bar mini kunya biyu a gefen gona aka shuka. Na yaye ɗana a kan kunun nan. Yana nan, yanzu har awaki yake kora. Ko garin ne, ko dama Allah ya yi zai rayu, ban isa in rantse ba, kuma wanda ya zo don ya gano mana bai gano ba. 'Yar faccalata har yau siririya ce. Uwarta ba ta karɓar komai daga hannuna, sai in dama in ba Inna, Inna ta ba ta kamar ita ta dama.

Na ji an ce malamin ya samu takardar da yake nema, har an ƙara masa girma. Ban yi masa murna ba. Mun yi masa ƙarya, ban musa ba. Amma mu kunya da tsoron kada a janye garin suka sa mu. Shi kuwa ya san bambancin "babu" da "ban gani ba", ya rubuta ɗaya a takarda don malamansa, ya faɗa mana ɗayan don a ganinsa ba za mu gane ba.

Kai mai karatu, roƙona ke nan. In ka ci karo da takardar da ta ce an gwada garin kunu uku a wani ƙauye an ga duk ɗaya ne, ka tambaya wa ya ga yaran suna sha. In kuma kai ne mai sikelin, ka zo da mace ta wuce zaure, ta zauna a madafa da safe ta ga tukunya nawa aka ɗora, kafin ka zana da'irarka.