Asabar Tara a Tafkin Titiwangsa

Abba ya taɓa zuwa Faransa sau ɗaya, ina aji biyar na firamare. Taron masu binciken ruwa ne ya kai shi, domin digirin da yake yi a nan Kuala Lumpur a kan koguna ne. Ranar ƙarshe aka kwashe su zuwa wani tsohon ƙauye a bakin kogi. Cajin wayarsa ya ƙare tun a mota, don haka bai kawo mana hoto ba, sai labari: gadar dutse mai ƙofa biyar, gidajen da suka girmi kakan kakansa, da wata rumfa a bakin ruwa inda matan dā suke wanki. Ya ce ana ba da hayar kwale-kwale mai cin mutum biyu, a bi ruwa har a wuce ta ƙarƙashin gadar. Shi kallo kawai ya yi, kowa da abokin tuƙinsa.

Bara aka sake gayyatarsa, taron kuma ya faɗo cikin hutun makarantarmu. Umma tana goyon jaririya, ba halin tafiya. Muna cin abinci ya dube ni ya ce, "Uwata, ke za ki zauna a gaban kwale-kwalen." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Ya ce sai mun koyi tuƙi tukuna, kada mu je mu ba da kunya a gaban Faransawa. Daga nan duk Asabar da safe muke barin unguwarmu Wangsa Maju mu tafi tafkin Titiwangsa. Wani dattijo ɗan Malesiya ne ke ba da kwale-kwalen, muna ce masa Pakcik, wato kawu. Shi ya nuna mini yadda zan cusa hijabina cikin rigar hana nutsewa don kada iska ta rufe mini ido. Ranar farko zagaye muka yi ta yi a wuri ɗaya. Umma tana zaune a inuwa da jaririya, ta ɗaga murya ta ce, "Shekara huɗu kana karatun ruwa, ga shi yana juya ka kamar fura a ƙwarya."

"Injin gaba ne bai tashi ba," in ji Abba.

"Ai direban ma lasisinsa na aro ne," in ji Umma.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira ni sau biyu. Amma a cikin kwale-kwale ba a buƙatar magana. Ina jin numfashin Abba a bayana, in ya tsoma filafilinsa a dama ni ma in tsoma. Ruwa yakan bi sandar ya gangaro cikin hannun rigata, mai ɗumi kamar shayin da ya huce. Akwai wata guza da ke ratsa gabanmu kusan kullum, kanta kaɗai a waje. A Asabar ta shida muka kai wancan gefen muka dawo a miƙe, Pakcik ya ɗaga mana babban yatsa ya ce, "Boleh." Abba ya ce ma'anarsa mun ci jarrabawa.

Duk shekara akan karɓi fasfo ɗinmu a sabunta mana izinin zama. Abba ya haɗa namu gaba ɗaya ya miƙa kamar yadda ya saba, yana lissafin sati uku, don haka aka yi a shekarar da ta gabata. Nasa ya fito a kan lokaci ya kai neman biza. Namu na iyali aka ce a jira. Na lura ya daina zancen gadar. Na lura kuma in ya dawo daga makaranta Umma takan dubi hannunsa kafin fuskarsa.

A Asabar ta tara muka kai tsakiyar tafki, sai na ji ya daina tuƙi. Kwale-kwalen ya ɗan ci gaba da kansa, ya tsaya.

"Uwata, fasfo ɗinki bai fito ba. Ko gobe ya fito, biza ba za ta samu ba. Ummanki ta ce in riƙe naki sai mun dawo, ban ji ba. Laifina ne."

Ina gaba, ba ya ganin fuskata, kuma na gode wa Allah da haka. Na zuba wa dogayen benayen can nesa ido har suka narke. Na ce, "Ba komai, Abba." Na tuƙa mu zuwa gaɓa da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Ya tafi ranar Laraba. Bayan kwana biyar fasfo ɗina ya iso, Umma ta jefa shi cikin durowa ba ta ko buɗe ba. Kullum bayan la'asar ɗinmu yake kira, safiyarsu ke nan. Da na ji ƙarar wayar sai in shige banɗaki in buɗe famfo. Ranar da aka kai su ƙauyen ya kira sau uku. Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Fito mana, ga Abbanki a kan gadar, yana so ya nuna miki." Na ce cikina ke ciwo. Ina jin muryarsa ƙarama daga wayar yana cewa a bar ni, a ba ni ruwan ɗumi.

Da ya dawo ya ba ni wayarsa ya ce in kalla in na sami lokaci, ya shiga wanka. Na zauna a gefen gado na fara. Gadar ƙofa biyar ce kamar yadda ya faɗa, amma ta tsakiya ta fi sauran faɗi. Tagogin gidajen na katako ne, shuɗi ya koɗe. Ga rumfar wankin, an rataya tukwanen furanni a inda dā ake shanya. Ga layin kwale-kwale ja da rawaya a kife a kan ciyawa.

Sai a hoto na goma sha wani abu na gane abin da ke damuna. Abba dogo ne, hotunansa kullum daga sama suke, har Umma na cewa saman kanmu kawai yake ɗauka. Waɗannan kuwa katangar gadar tana daidai haɓa, kamar ni ce a tsaye. A wani hoton inuwarsa ta fito a kan dutse, a durƙushe, ga ƙafafun mutane suna wucewa ta gefensa. Na koma farko na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka haka ya ɗauke su. Kuma babu ko ɗaya da ya ɗauka daga cikin kwale-kwale.

Ya fito yana goge kai da tawul ya ce, "Yaya, kin ga garin?"

Na ce, "Yana da kyau," na miƙa masa wayar.

Da Asabar ta zagayo na ji shi tun da safe yana neman hularsa ta rana. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Uwata, Pakcik zai ce mun gudu." Na ce ina da aikin makaranta. Ba fushi nake ba. Tsoro nake mu kai tsakiyar ruwa ya sake ba ni haƙuri, ni kuma da ya kamata in ba shi in kasa. Ya ce to, wani satin. Wani satin ma haka na ce, daga nan bai ƙara tambaya ba.

Yanzu ya gama karatu, an fara ɗaure kaya a kwali, wata mai zuwa za mu koma Kano. Saura Asabar uku. Jiya na tsaya a bayansa yana naɗe littattafai, ya waiwayo ya ce, "Mene ne, Uwata?" Na ce Umma ce ta ce in tambaye shi ko zai sha shayi.