Rairayin da Iya ta Ɗaura Mini

Cikin da na ɗauka a shekarun da Maiduguri ta cika da shingaye, shi ne na farko da ya zauna mini. Na baya duk zubewa suka yi tun kafin maƙwabta su lura. Da wannan ya fara nauyi sai na koma kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. In an buga ƙofa da ƙarfi, hannuna yana kan mara. In an ji ƙara daga wajen unguwar Dala, kafin in tambayi me ya faru sai na tsaya na saurara ko na cikina ya motsa. Tsoro nake ji safe da yamma, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Sai ciwon baya ya zo ya ɗora nasa. In na zauna ba daɗi, in na tashi ba daɗi, in na kwanta kuwa sai an ɗago ni. Ƙafafuna suka kumbura har na gaje silifas ɗin maigidana. Shi kuwa, mai wankin hula ne a Bulabulin, maganinsa ɗaya ne tak a duniya, wato "sannu". Ya yi mini ita da safe, ya dawo ya ƙara mini da yamma. Na ce masa da sannu tana warkar da baya, da tuni na fara dambe.

Wadda ta san abin yi ita ce surukata, da muke kira Iya. Daga ƙauyensu ta gudo da kayan jikinta kawai, ta zauna da mu a Ajilari. Hausarta ba ta da yawa, rabin maganarta Kanuri ne, amma hannunta ya iya aiki. Wata rana na ga ta ɗebo rairayi a ƙofar gida, ta tankaɗe shi, ta zuba a kasko tana juyawa a kan wuta.

Na ce, "Iya, gyaɗa za ki soya, ko ni?"

Ta ce, "Ke dai juyo bayanki, 'yata. Haka uwata ta yi mini, har na haifi mijinki da ƙaton kansa."

Ashe ta yayyanka tsohon zane ta ɗinka 'yan jakunkuna. Ta cika su da rairayin nan mai ɗumi, ta jera mini su a baya da kwiɓi, sannan ta kawo dogon gyale ta zagayo da shi ta ƙasan cikin ta ɗaure. Gyalen ya tallafe nauyin, ɗumin ya ratsa ƙashi. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya. Tun daga ranar, in ban ji ƙamshin soyayyen rairayi ba, gari bai waye mini ba.

Ranar awo ta zo. Na ce wa Iya bencin asibitin nan yana kashe mini baya, ga layi. Ta ce ai abu mai sauƙi ne, ta soya rairayinta ta ɗaura mini, har ta ƙara jaka ɗaya don ɗumin ya daɗe. Na zura dogon hijabina na fita. Iya ba ta leƙa titi, ba ta san abin da idon gari yake nema ba. Ni da na sani kuwa, bayana kawai nake tunani. A lokacin ne ake turo mata da 'yan mata da bam a ɗaure a ƙugu, a ƙarƙashin hijabi. Mai ciki in ta shiga taro, cikinta ake fara kallo kafin fuskarta.

A Keke Napep na zauna kusa da wata dattijuwa 'yar kudancin Borno, da ɗankwali da jakar hannu, za ta wurin aikinta a ofishin coci. Muna tafiya ta ɗan matsa, ta ce, "Yarinya, me ke da zafi haka a jikinki? Zazzaɓi kike?" Na yi dariya na ba ta labarin rairayin Iya. Ta taɓa ta ji, ta ce da ta san wannan dabara da ba ta sha wahalar 'ya'yanta ba.

Kafin babban titi akwai shingen samarin unguwa, masu gadi da gora da adda. Dokarsu ita ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama. Na sauka a ƙarshe don saukar ma aiki ce. Ina tafiya a hankali, ƙafa a buɗe, gumi yana zuba, bakina yana motsi da salati saboda ciwo. Da na ɗaga hannu hijabin ya ɗage, iska kuma ta manna mini shi a jiki. Jakunkunan Iya suka fito ɓaro-ɓaro, a jere, zagaye da ƙuguna.

"Ke! Tsaya nan! Kar ki motsa!"

Ban san da ni ake ba sai da na ga titi ya watse. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai kekenmu ya bar kekensa, wata mata ta suri ɗanta ta faɗa kwata. Kafin in ƙifta ido na rage ni kaɗai a tsakiyar kwalta. Samarin sun ja baya sun laɓe a bayan buhunan shingen, ɗaya daga cikinsu yana ɗana baka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, na san wannan. Amma ranar ni ce tsumman.

Na buɗe baki in ce ciki ne da ni, rairayi ne, ihunsu ya danne muryata. Babbansu ya yi tsawa ya ce in cire abin da na ɗaura. Na fara sauke hannu, wani ya yi ihu ya ce kar in sauke, dannawa zan yi. Na mayar da hannu sama. Cikina ya ƙulle tamau kamar dutse. Na saurara, ban ji motsi ba. Abin da nake faɗa a raina kawai shi ne, ya Allah, ba wannan ba, kar ka karɓi wannan.

Sai na ji muryar dattijuwar nan daga bakin titi. "Ku 'ya'yan nan, rairayi ne! Na taɓa da hannuna!" Suka ce ta koma baya. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta ɗaga hannu, ta taho wurina a hankali suna ta yi mata ihu. Da ta iso na ga ashe ita ma a tsorace take.

Ta ce, "Tsaya yadda kike, 'yata. Ni zan kwance."

Ta tsaya tsakanina da mazan don ta kare ni, ta sa hannu ƙarƙashin hijabin tana laluben ƙullin. Iya kuwa in ta ƙulla abu sai ka ce ba za a sake kwancewa ba. Sai da ta durƙusa ta sa haƙori. Gyalen ya saki, nauyin cikin ya faɗo mini a baya lokaci ɗaya. Ta ɗauki jaka guda ta yage ta, ta ɗaga sama, rairayi ya zubo a kan kwalta kowa yana gani.

Babban samarin ya fito yana sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kin san halin da ake ciki." Haushi nake ji, amma ban san wa zan ji haushinsa ba, kuma ba shi ne a gabana ba. Na ce wa dattijuwar, "Mama, bai motsa ba." Ta kama hannuna ta tsayar da wani keken, ta fasa zuwa aikinta.

A asibiti ta kutsa da ni gaban layi, mata suna gunaguni tana ba su haƙuri. Nas ta kwantar da ni, ta ɗauko ɗan ƙahon nan da ake karawa a ciki, ta sa kunne. Ta matsar da shi dama. Ta dawo da shi hagu. Ta danna cikin, ta sake karawa ƙasa, fuskarta ba ta gaya mini komai. Na kafa wa silin ido, na riƙe hannun matar da ko sunanta ban tambaya ba.

Can nas ɗin ta ɗaga yatsa ta ce mu yi shiru. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Yana nan. Amma zuciyarsa bugawa take kamar wanda aka koro. Me kuka yi masa?"